Mayen ƙarfen Dakta Luba yana kan rufina

Da safen nan na kira wayar Dakta Luba don in gaya mata kwano ya yi zafi tun da hantsi. Ƙanwarta ce ta ɗauka. Na ce a ba ni Dakta, sai na ji kukan mata a bayanta. A nan na gane.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan asuba Allah ya karɓi abarsa, ciwon bai daɗe ba. An yi jana'iza a gidansu na unguwar Gidan Dare.

Ga waɗanda ba su san ta ba, malama ce a jami'a, bincikenta a kan maganaɗisu ne, wato mayen ƙarfe. Ni kuwa markaɗe nake yi a Dundaye, karatuna bai wuce firamare ba. A wurin markaɗen wake muka haɗu. Ta tarar ina ta jan igiyar injin ya ƙi tashi, hayaƙi ya cika zaure.

Ta ce, "Yaya Kulu, wanga inji shi da ke, wa ka aiki ma wani?"

Na ce, "Ni ka yi mai, Dakta. Fetur shika sha, ni ko hayaƙi."

Ta yi dariya, ta ce za ta haɗa mini mota mai aiki da sola, ba ta hawa ba, irin wadda ke juya injin markaɗe. Ita ta fahimtar da ni cewa mayen ƙarfe ne ke juya irin wannan motar, kuma shi ne a cikin lasifikar wayar da ke hannunku, da kwamfuta, da keke mai caji. Mai ƙarfin daga ƙasashen nesa ake kawo shi, kuma wani ba ya son zafi, yana rage masa ƙarfi. Shi ya sa take bin 'yan gwangwan tana sayen matattun kwamfutoci, ta ciro nasu, ta gwada wanda zai jure ranar Sakkwato.

A kan rufin ɗakina take gwajin. Ta jera su a kan kwano, kowanne da launin fentinsa. Ran Juma'a in sauko da su, ta zo da na'urarta ta auna. Maƙwabta har sun fara cewa asirin kasuwa nake yi. Da na gaya mata sai ta ce, "Ki ce musu asirin na kowa na, su dai jira."

Ba ta taɓa shigowa hannu sake ba. Ko lemo, ko maganin tarin da hayaƙin nan ya sa mini. Lokacin da ɗiyata ta haihu, ita ta kai mu asibiti a motarta, ta zauna har aka sallame mu.

Juma'ar da ta wuce ta zo, na ga ta rame. Ta auna, ta ɗaga wani mai jan fenti ta ce, "Wanga bai gaji ba. In yak kai ƙarshen bazara haka, shi za mu sa miki. Kada ki sauke su, ko wa yac ce."

Ban sauke ba.

Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a ko sau ɗaya.

Ɗalibanta kuma, in kun ga rubutun nan, ku neme ni. Ni ban iya awon ba, na'urar ma tana wurinta. Motar tana zaurena a cikin kwali, ba a sa mata mayen ƙarfe ba. Su kuma suna nan kan kwano, jibi Juma'a, babu mai aunawa.