Itacen da Na Shanya Cikin Waya

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina rufin azara. Daga Yasore har Babban Duhu, in ka ga soron da bai yoyo, tambayi wanda ya rufa shi. Sai kwano ya shigo gari. Yanzu duk wanda ya mallaki guduma da ƙusa sunansa kafinta, ni kuwa na koma noman gero da zaman bakin masallaci.

Bara damina ta karya rufin masallacin unguwarmu, dattawa suka ce a sake. Shekara huɗu ban taɓa aiki irin wannan ba, har na fara wasa gizagona. Sai taubashina, ɗan ƙanwar babana, malamin firamare da ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba, ya zaro waya bayan la'asar. Wai wani wasa ne jikokinsa suka koya masa, ana sare itace a jera shi kamar bulo a yi gini. Ya gina masallacin namu a ciki da wani farin katako, ya yi masa rufin kwano. Dattawa suka haɗa kai a kan waya suna ta masha Allahu.

Na ce, "Wane itace ne wannan?"

"Itacen Turai ne, bawana. Ba ka san shi ba."

"Fari fat haka? Ko kuka ta fi shi ƙwari. Gara za ta yi walima."

"To kai gina naka mu gani, in ba da baki kake rufi ba."

Liman ya ce magana ta yi: ranar Juma'a kowa ya nuna nasa, wanda aka zaɓa shi za a bi.

Ɗiyata mai aikin asibiti a Safana ta ara mini wayarta, ta nuna mini inda ake dannawa. Aji huɗu na yi a boko, yatsuna kuma kamar tushen rogo, amma na shiga dajin da ke cikin wasan. Bishiyar farko da na sara, na cire gindin, sai kanta ya tsaya a sama bai faɗi ba. Na yi a'uzubillahi na ajiye wayar.

Da na dawo sai na shiga neman giginya, don azarar kirki daga jikinta take fita. Kwana biyu ina yawo. Na ga farin nan mai ɗigon baƙi. Na ga wani mai kama da bagaruwa, cikinsa ja kamar maɗaci. Na ga mai fure irin zanen amare, na ga gora ta yi daji guda. Babu giginya ko ɗaya, babu marke ko ɗaya. Na ce wanda ya shuka dajin nan bai taɓa kwana a ɗakin ƙasa ba. A ƙarshe na samu wani baƙi mai kauri, na ce wannan dangin ƙirya ne, na sare abin da zai isa.

Sannan na yi abin da ubana ya koya mini da bulala. Na jera itacen a inuwa, na ɗaga shi daga ƙasa, na bar shi ya bushe.

Ɗiyata ta leƙo ta ce, "Baba, mi kake jira?"

"Ɗanye ne."

"Ai nan ba ya bushewa. Kuma babu gara."

"Ke kin taɓa ganin garin da babu gara? Ba ta iso ba dai."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni dai hannuna ya ƙi yin gini da ɗanyen itace. Sau biyu ina ɗaukar itacen nan, sai in ji kamar ubana yana tsaye a bayana.

Ranar Juma'a taubashina ya nuna nasa, har ya ƙara masa hasumiya. Ni na nuna tulin itace a ƙarƙashin bishiya.

"Ina masallacin?" in ji shi.

"Sai bayan kaka."

Dariyar da aka yi, ladan har ya ƙware. Taubashina ya ce a yi mini uzuri, bawa ba ya gini sai ubangidansa ya ba shi izini. Na ce masa wanda ya rufa wa jama'a ɗanyen itace, ranar da ya lanƙwashe ya zauna a sahun gaba.

Liman bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tulin nan, sannan ya ce kwano za a sa, don shi jama'a ke so. Amma katakon da za a ɗora kwanon a kai, ba mai saye sai ni.

Ba abin da na nema ke nan ba, kuma har yau ban ce na gode ba. Ranar kasuwar Batsari dai na je, taubashina na biye da ni. Na ƙwanƙwasa katako ya fi sittin, na sunsuna, na mayar da fiye da rabi. Mai katakon ya tambaye shi ko lafiyata ƙalau. Ya ce masa, "Ɗauko wani kawai, in ba haka ba nan za mu kwana."