Namadi da Turken Sambo

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara a bakin tashar Bagudo ya san Namadi. Shi ne siririn nan mai faɗin goshi da ke hura wa waya iska kafin ya buɗe ta, kamar mai tofi. Makaranta ya bar ta a tsakiyar sakandare, wai malaman ba su da sauri. Ya taɓa kabu-kabu zuwa Tsamiya, babur ya watsar da shi cikin gonar dawa, ya rantse ya bari. A rumfar gyaran waya ya koyi rubuta manhaja, daga bidiyo, da datar mutanen da suka bar wayoyinsu wurinsa. Allah Ya yafe masa, mu dai mun yafe.

Ciwon Namadi ɗaya ne a duniya, sunansa Fatiha. Ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, wadda tun suna wasan ƙasa take kiransa bawana. Ita ta tafi jami'a, ta dawo da kwamfuta mai tambarin da ke haske. In ta wuce da jakar nan a kafaɗa, sai Namadi ya ji kamar an zuba masa barkono a ƙirji.

"Mi ta sani wanda ban sani ba?" yakan tambayi masu shayi. "Takarda ce kawai."

Ana nan sai wata ƙungiyar makiyaya da manoma ta nemi manhajar da za ta riƙa tuna wanda aka yi wa shanunsa rigakafi da wanda ba a yi wa ba. Shugabanta, Alhaji Atiku, ya ce mutum ɗaya za su ɗauka aiki na dindindin, da ofis da kujera mai juyawa. Fatiha aka ba rubutun. Namadi kuwa, saboda uwarsa ta je ta yi wa ɗan'uwanta, uban Fatiha, magana, shi kuma ya roƙi Alhaji Atiku, aka ba shi gwaji.

Gwaji shi ne ka rubuta 'yan ƙananan tambayoyi da kwamfuta za ta yi wa manhaja. In ta amsa daidai, fuskar kwamfutar ta yi kore. In ta kuskure, ja. Wato an ɗauki mai hassada an ba shi aikin neman laifi. An ba kura ajiyar nama.

Wurin da ya ɗana tarkonsa shi ne inda manhaja ke gane mutum. Abu biyu take yi. Na farko, in an ba ta mutum biyu, ta faɗi ko ɗaya ne. Na biyu, ta lissafa wa kowa wata lamba da ake kira hash, wadda ke aiki kamar turke a kara, wato kasuwar shanu: ita ke nuna inda aka ɗaure bayanin mutum, don kada a zagaye kasuwa duka ana nema. Ƙa'idar kuwa, in biyu ɗaya ne, dole turkensu ya zama ɗaya.

Namadi ya ƙirƙiro makiyayi na ƙarya ya sa masa Sambo. Ya tambaya, Sambo shi ne Sambo? Kore. Ya yi Sambo biyu masu lambar kati ɗaya, ya juya su gaba da baya. Kore. Ya haɗa Sambo da ba kowa, ko za ta rikice. Kore. Ya haɗa shi da saniya. Manhaja ta ce ba ɗaya ba ne.

"Shegiya," in ji Namadi, "har wannan ta sani."

Ya rame. Wayoyin mutane suka taru a rumfa ba gyara. Sai ran nan wani Bafillace ya zo karɓar tasa, yana gaggawa, wai gobe za su ƙetara da shanu ɓangaren Benin, sai damina ta faɗi su dawo. Namadi ya bi shi da kallo, baki buɗe. Ya jawo tsohuwar kwamfutarsa, ya ɗaure Sambonsa a ƙauyen Kurgu, ya canza masa mazauni zuwa ƙetare, ya ce a nemo shi.

Ja.

Ashe Fatiha da lambar kati take gane mutum, amma ta zuba sunan ƙauye cikin lissafin turke. Da zarar makiyayi ya tashi, sai a je nemansa a sabon turke alhali yana ɗaure a tsohon, manhaja ta ce ba ta san shi ba. Namadi ya yi rawa har ya ture kwanon ƙusoshi.

Mai hankali da ya kira ta ya gaya mata. Namadi ɓoye gwajin ya yi, ya ɗinka sabuwar riga.

Ranar nuni, dattawa suka cika tabarmi, ga mutanen Zagga, ga na Lafagu. Fatiha ta gama bayani, aka yi ta gyaɗa kai. Namadi ya miƙe.

"Alhaji, a gafarce ni, akwai 'yar tambaya guda."

"Bawana, zauna kada ka faɗi," in ji Fatiha.

"Uwar ɗakina, in kin isa ki hana kwamfuta magana."

Ya sa gwajinsa, ya danna. Bangon da ake haska hoton ya yi jawur. Namadi ya gyara wuyan riga, ya fara jawabin turke da hash da ya kwana biyu yana haddacewa, ba wanda ya fahimci ko kalma.

Fatiha ta ƙura wa jan bangon ido. Ta ce, "Kai! Gaskiyarka." Ta zauna, ta cire sunan ƙauye daga lissafin, layi ɗaya tak, ta sake dannawa. Kore.

Dattawa suka ɗauki kabbara. Abin da idonsu ya gani ke nan: abu na tafiya lafiya, yaro ya taɓa ya yi ja, yarinya ta taɓa ya warke.

"Wanga yaro hannunai ba kyau," in ji wani tsoho daga baya.

"Baba, ni na gano..."

"Mun gani, ɗana, mun gani," in ji Alhaji Atiku. "Allah Ya sa tana kusa."

Fatiha ta yi ƙoƙarin bayani, ta ce ba don gwajin nan ba da rabin makiyaya sun ɓace da rani. Aka ce ji yarinya da kunya, har tana rufa wa ɗan'uwanta asiri. Wannan ya fi komai ƙona Namadi. Kujera mai juyawa ta zama tata.

Yana nan a rumfarsa har yau. Sabuwar rigar ta koma ta zuwa Juma'a. Duk sanda Fatiha ta rubuta sabon abu, sai ta turo masa da saƙo: "Bawana, ga ƙashi, ciza." Yakan yi tsaki, ya ce shi ba yaronta ba ne, ya kife wayar. Kafin shayinsa ya huce ya buɗe kwamfuta, ya tayar da Sambo, ya aurar da shi, ya raba masa garke, ya yi masa tagwaye, yana jiran ja.

Manhajar kuwa ba ta ƙara ɓatar da kowa ba, kuma duk Bagudo sun san aikin Fatiha ne.