Abin da ke cikin pompon Mahamudu

Akwai wani asiri na Mahamudu Mai Heshi da ni kaɗai na sani duk Ƙonni. Zan hwaɗi, amma ku dakata, sai kun san mutumin tukuna.

Tun shina saurayi, dawowarshi daga cin rani Sakkwato, ya goya pompon heshi bai sake ajewa ba. Wasu sun ce da shi yake kwana. In darɓa ta hwaɗa ma alkama, waɗanga ƙananan ƙwari masu tsotse ganye har ya yi danƙo, duk gonakin bakin kanal ɗin ban ruwa shi ake kira. Shina tahe shina warin magani, ƙuda na suma bayanshi. Ko liman sai ya jira layi.

To ga taubashinshi Idrissa, gonarsu kunya guda ta raba su. Idrissa na da ciwon ƙirji, warin magani na tashe mai tari, sai bara ya ce shi ya bar heshi. Ya bar ciyawa mai hure da layin wake a gehen gona. Mahamudu ya yi dariya har hularshi ta hwaɗi.

Alkamar Idrissa ta ƙi mutuwa. Wasu jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi, da yara ke ce ma 'yan jar hula, sunka cika ta, suna cin darɓa kamar an gayyace su buki. Zangarniya ta kai hannun jariri. Ta Mahamudu kuwa, ya hesa, darɓa ta dawo da dangi.

"Taubashi," in ji Idrissa daga kan kunya, "in aro maka ma'aikatana? Ba su shan hura, ba su zuwa Juma'a."

"Allah shi sawwaƙe in roƙi ƙwaro!"

Mahamudu ya daina cin tuwon kirki. Mutane sun koma wurin Idrissa kallon ƙwari, shi ba mai ce mai sannu. Ƙwaro, da ko gemu bai da, ya ƙwace mai suna!

Rannan da rana tsaka, Idrissa ya tahi kasuwar Dogarawa, Mahamudu ya tsallaka ya tsince 'yan jar hula cike da tahin hannu. Ya rasa mazubi, ya zuba su cikin tsohuwar kwalbar maganin da ke aljihunshi. Kahin ya ƙetare kunya duk sun miƙe ƙahwa. Ya rame kamar an yi mai rasuwa.

Bana kuma sai ga alkamarshi shar, shina kuma heshinta kullum gaban kowa, shina cewa, "Kun gani? Magani dai!" Ni Talatu na ce a'a. Tun yaushe ƙuda ya daina suma bayanshi?

Na ɗauki ƙwarya kamar mai ɗibar yakuwa, na laɓe bayan dannin gonarshi. Ga shi durƙushe, pompo a baya, gaban wani layin wake da ya ɓoye tsakiyar alkama. Da ƙwari yake magana, wallahi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai zance.

"Ku zauna nan, don Allah. Mi Idrissa ke ba ku wanda ban da shi? Ke mai ɗigo biyu, ina za ki? Can kuma? Maci amana!"

Dariya ta kubce min. Ya miƙe zumbur, ya juyo bakin pompo, ya wanke min huska.

"Wayyo, ya kashe ni! Idona! Jama'a!"

"Yi shiru, Talatu, uwar gulma! Ruwan kanal ne! Tun shuka ruwa nake hesawa!"

Na lasa. Ruwa ne kuwa.

"In Idrissa ya ji," ya ce, "wallahi gobe maganin gaske zan hesa miki."