Ɗigon Zufa a Allunan Agege

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da ɗan ƙanwata da ke tuƙi, ko karyawa ba mu yi ba. A jakata akwai wani tsohon littafin labarin zane na Faransanci, irin wanda ake raba shafinsa gida-gida, maganar mutane tana fitowa daga bakinsu cikin da'ira. Na tsince shi a Yamai wurin mai sayar da tsofaffin takardu, kuma dominsa na yi wannan tafiya.

Muna samari a Agege, abokina Iro mai fenti yana da irin littafin nan, wani mai gadi ɗan Nijar ya ba shi. Nasa babu shafukan ƙarshe, mai tsire ya riga ya naɗe nama da su. Ni nake fassara masa labarin, na wani matuƙin jirgin ruwa da guguwa ta ɓatar. Da muka kai inda ya yanke, Iro ya zauna ya zana ƙarshen da kansa, daga nan hannunsa ya faɗa. Kwanan baya na ji idanunsa sun fara dushewa, wayarsa kuma ba ta shiga. In ban kai masa yanzu ba, wata rana sai dai in karanta masa, shi kuwa zane ba a jin sa da kunne.

Hanya dai ga ta nan, wani wuri santsi, wani wuri sai salati. A Lakwaja mun ci soyayyen kifi, mai kifin ta rantse tsadar mai ta shafi har na cikin ruwa. Muka kwana Badun, inda na gwada Yarbancina wurin mai amala, ta yi dariya ta ce irin na kakarta ne.

Agege ta sauya mini. Ƙamshin burodi yana nan, amma rumfar Iro ta zama shagon waya, kuma duk wanda na tambaya sai ya girgiza kai. Sai na koma kallon alluna, don masu fentin nan ba sa sa suna a aikinsu, hannunsu ne sunansu.

Na ga zane a wurare da dama. Na Ingila inuwa gare shi mai kauri, kowane jarumi jijiyar wuya a waje. Na Masar fuska zagaye, idanu dara-dara. Shi kuwa Bafaranshen da ya zana littafin nan layi siriri yake ja, babu inuwa, ido ɗigo ne kawai, in mutum ya firgita sai ya watsa masa ɗigon zufa kewaye da kai. Zufar nan Iro ya ɗauka. Na sha gaya masa alamar tsoro ce, ya ce a Legas kowa zufa yake yi.

Kusa da layin dogo na ga allon wani mai aski: mutum ya sha gyaran fuska, yana murmushi, zufa na tashi. Na shiga da murnata.

“Oga Alhaji, ai wannan aikin Latifu ne,” in ji mai askin. “Yana bayan tashar motocin haya na danfo.”

Ba Iro ba ne, amma muka je. Latifu Bayarabe ne mai furfura, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Da na ambaci Iro sai ya ajiye buroshi.

“Baba ne ya koya mini. Alhaji, ni ko rago na zana wa 'yan kasuwar Alaba Rago sai ya yi zufa. Na gwada bari, allon sai ya zama kamar miya ba gishiri.”

Shi ya raka mu gidan 'yar Iro. Muka tarar da Iro a ƙofa, da muryata ya gane ni.

“Ɗan yawo! Ashe ba ka mutu ba?”

“Ina zan mutu ban ga ƙarshen labari ba?”

Na miƙa masa littafin. Ya shafa bangon, ya ja kujera zuwa cikin rana, ya wuce kai tsaye shafukan baya, hancinsa har yana taɓa takarda. Can ya ce a ɗauko nasa, aka jera su. A na Bafaranshe matuƙin ya isa garinsu shi kaɗai. A na Iro ya sauka Apapa, jama'a sun tare shi da shayi da burodi.

“Dubi igiyar ruwan nan,” ya ce. “'Yan layuka kawai, amma har jiri take sa ni. Ni tawa na cika ta da fenti don tsoro. Malamina ne, ban taɓa ganinsa ba.” Ya rufe littafin. “Amma ya bar mutum ya dawo gida babu mai tarbarsa. Ƙarshena ya fi.”

Ban yi musu ba. Ya gani da idonsa, abin da ya kawo ni ke nan.

Mun dawo gida lafiya. Abin da na ƙaru da shi shi ne hannu ma yana da dangi: daga wani Bature zuwa Bahaushe, daga Bahaushe zuwa Bayarabe, wasunsu ko sunan juna ba su sani ba. Bayan mun haye gadar Lakwaja muka cim ma wata babbar mota, an zana zaki a bayanta, ya hangame baki, zufa na tashi a kansa. Ɗan ƙanwata ya sa sigina zai wuce. Na ce masa ya dakata, mu ɗan bi bayan jikan Iro.