Ƙullin taba a gaban mahaifina

Shekarun baya, wata Asabar, ƙarfe huɗu da rabi daidai, mu huɗu ne a zauren gidanmu na Wudil: mahaifina, ni, ƙanena da ya zo hutu daga karatu a Kanada, sai baƙon da ya taho da shi.

Baƙon ɗan ƙabilar Cree ne, mutanen da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Ƙanena ya ce mafarauta ne kuma masunta, a lokacin sanyi har ƙanƙara suke hudawa su sa taru a ƙarƙashinta. Da ya ji mahaifinmu tsohon masunci ne, sai ya nace sai ya gan shi.

Ni ba na son abu ya zo mini ba tsari. Tun a ƙofa na sa aka gaya masa abu uku: ya cire takalmi, ya durƙusa, ya karɓi ruwa da hannun dama. Duk ya yi. Na huɗun ne ban san da shi ba.

Bayan gaisuwa sai ya zaro wani ɗan ƙulli a jan ƙyalle, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Kafin a kwance, warin ya riga ya faɗi abin da ke ciki. Taba ce.

A nan sai ku san wani abu. Ranar da ƙanena zai tafi, a gabana Baba ya ce masa, "Ranar da na ji warin taba ta wajenka, karatun ya ƙare." Kuma Baba ba ya maimaita magana.

Baba bai karɓa ba, baƙon bai sauke hannu ba. Sai Baba ya juya wajen ƙanena.

"Kai," in ji Baba, "abin da ka je koyo ke nan?"

"Wallahi Baba ban san ya ɗauko ta ba."

Na miƙe zan fizge ƙullin in jefar waje. Baba ya ce, "Zauna, sarkin tsari. Kai ka kawo?" Na zauna.

Baba ya ce a tambayi baƙon me yake nufi. Ƙanena ya fassara amsarsa. A wajensu ba a zuwa wurin dattijo neman sani hannu sake. Taba ake miƙa masa, ba don ya sha ba. In ya karɓa, ya ɗauki alkawarin koyarwa. In ya ƙi, magana ta mutu, ba a sake tayar da ita. Shi kuwa baƙon so yake Baba ya nuna masa yadda ake karanta ruwan koginmu.

Baba ya dubi ƙullin. Sai ya ce, "Wato goronsu ke nan."

Ya sa hannu ya karɓa. "Gaya masa ba na sha, ba kuma a sha a gidana. Amma na karɓi roƙonsa. Gobe bayan asuba, bakin kogi."

Sannan ya laluba aljihu ya ba shi goro. Baƙon ya gatsa, fuskarsa ta yamutse don ɗaci, amma ya haɗiye. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, mun yi kunnen doki."

Ƙanena ya koma, ya gama karatunsa. Bayan rasuwar Baba na tarar da ƙullin a akwatinsa, ko kwancewa bai yi ba. Har yau in na gan shi kunya nake ji, domin da hannuna ya riga bakin Baba, da na kori baƙo na kuma yanke wa ƙanena karatu.

Roƙona gare ku ɗaya ne. In baƙo ya miƙo muku abin da ba ku gane ba, ku zauna tukuna, ku tambaye shi me yake nufi.