Abin da na faɗa wa Hajiya mai horo

Shekarar da tagwayena suka shiga firamare aka aiko makarantarmu ta 'yan mata a Sandamu cewa ana son malamai biyu su je Daura horo kan ba ɗalibai shawara da iya zama da mutane. Shugabar makaranta ta zaɓe ni, ni da malamar Turanci. Lissafi nake koyarwa, ban ga haɗina da wannan ba, amma ta ce yara sun fi sakin jiki da ni, kuma in na dawo ni za a ba ɗakin shawara.

Wadda ta horar da mu wata Hajiya ce daga Katsina, mai sanyin murya. Ranar farko ta sa muka ture tebura muka zauna a zagaye. Ta koya mana abubuwan da na ɗauka kowa ya iya, sai da na gwada na ga ban iya ba. Kada ki katse yarinya. In ta yi shiru, ki bar ta da shirunta. Abin da ta faɗa miki a keɓe amana ne, ko shugaba ba ta da haƙƙin ji sai in rai na cikin haɗari. Matar nan ta kwanta mini a rai. A mota ina komawa gida, maganganunta nake juyawa.

Ana gobe za a rufe, ta ce duk mai son ya ɗanɗana zama a kujerar ɗalibi ya same ta bayan la'asar, daga shi sai ita. Na je da niyyar ƙirƙiro wata 'yar damuwa. Ta dube ni ta ce, "Malama, me kike ɗauke da shi?" Sai ta yi shiru.

Na faɗa mata. Bayan haihuwar tagwaye barci ya ƙaurace mini, na shiga tsoron taɓa su, har na daina magana. Mijina da mahaifiyata suka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa a ɓoye, aka ce wa mutane ina Zango wankan jego. Na sha magani na warke. Ban da su biyun da likita, babu wanda ya sani. Hajiya ta riƙe hannuna har na gama kuka. Ta ce, "Ƙanwata, wannan ciwo ne kamar kowane ciwo." Ranar na fito sakayau.

Bayan kaka aka sake kiran mu zango na biyu. Wannan karon taron ya fi girma, har da shugabannin makarantu. Ƙanwar mijina, wadda ke koyarwa a Mai'adua, tana layin gabana. Hajiya na bayani kan yadda mutum ke ɓoye damuwa, sai ta ce bari ta ba da misali.

"Akwai wata malamar lissafi a masarautar nan. Ba zan faɗi sunanta ba. Allah ya ba ta tagwaye."

Ta kawo komai, har wankan jegon da ba a yi ba. Ta iya ba da labari, zauren ya yi tsit. Malamar Turanci ce ta fara juyowa. Ƙanwar mijina ba ta juyo ba, amma na ga ta daina rubutu. Mata nawa ne ke koyar da lissafi a wannan yankin, kuma masu tagwaye?

Da aka tashi sallah na same ta tana haɗa takardunta. Na ce, "Hajiya, amana na ba ki."

Ta yi mamaki na gaskiya, wannan ne ya fi ƙona mini rai. "Ai ban ambaci suna ba, ƙanwata. Labarinki zai taimaki mata da yawa."

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ki za ki yarda?"

Na ce a'a. Ta ce to, ta ci gaba da haɗa takardu.

Kafin mako ya zagayo surukata ta ji. Ta zo gidan ta dinga duba yaran kamar tana neman tabo a jikinsu. Mijina mutum ne mai haƙuri, magana ɗaya ya yi: "Mu mun rufa miki asiri, ke kika je kika buɗe."

Ɗakin shawara kuwa malamar Turanci aka ba. Shugaba ta kira ni ofis ta ce don lafiyata ne, aikin yana da nauyi a zuciya. Wata rana na ɗaga murya a aji saboda surutu, na ji wata daga baya ta ce a hankali, "Abin ya motsa." Na juya ga allo na ƙarasa lissafin.

Ban je zango na uku ba. Malamar Turanci ta je, da ta dawo ta same ni a ɗakin malamai ina duba jarrabawa, ta zauna kusa da ni tana kame-kame. Ta ce Hajiya ta sake ba da labarin, amma yanzu matar da ke cikin labarin malamar kimiyya ce, kuma ɗa guda ta haifa.

"Ta gyara," in ji ta. "Har wasu suka yi hawaye."

Na tambaye ta ko Hajiya ta nemi jin dalilin rashin zuwana. Ta ɗan yi tunani, ta ce ba ta ji ta tambaya ba.