Tanar Robar Rabe Basarke

Rabe Basarke yana da wani ɗan kwanon silba da yake cikawa da ruwa kowace safiya kafin ya share ƙofar shago. Sai ya ɗauko tanar roba guda, irin wadda masu fatsa suke saƙalawa a ƙugiya maimakon tana mai rai, ya ɗaura mata zare, ya ja ta a hankali daga wannan gefen kwanon zuwa wancan, yana kallon yadda wutsiyarta take kaɗawa. In ya gama, ya juye ruwan a gindin darbejiyar bakin titi. Shekara goma sha ɗaya na san shi yana haka. Iyakar ruwan da yake su a cikinsa ke nan a garin Makka.

Mutumin wani ƙauye ne a bakin kogi, kusa da Yawuri. Kakanninsa Kabawa ne, masunta gaba da baya. Ni Bakatsine ne, tela, saboda haka akwai wasa tsakaninmu, kuma bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana". Ya zo aikin Hajji da matarsa Maryama, jirgi ya koma, su ba su koma ba. Ban tambaye shi dalili ba. A unguwar Tandabawi, inda muka yi maƙwabtaka, ba a yin irin wannan tambayar. Ya yi dako, ya tura keken guragu, in lokacin Arfa ya zo ya yi kwasar shara. Da Maryama ta rasu aka kai ta maƙabartar Shara'i, sai ya ce shi kam ya gama tafiya, ƙasar da ta rufe ta ita za ta rufe shi.

Wannan magana ita ta ɗaure shi. Teku ba ta da nisa da mu, tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci ce a mota zuwa gaɓar Shu'aiba. Amma akwai shingen bincike a hanya, shi kuma ba shi da iƙama, takardar izinin zama. In aka tsayar da shi sai gida, kuma ba dawowa. Don haka masuncin da aka haifa a bakin kogi ya zauna shekara ashirin bai ga ruwan da ya fi ƙarfin bokiti ba.

Shagon na Abdulganiyyu ne, a unguwar Rusaifa, daura da inda nake ɗinki. Haifaffen nan ne, jikan wani Bazazzagi da ya zo da ƙafa tun zamanin da. Hausarsa rabi Larabci ce. Yana sayar da kayan fita shan iska: tanti, murhun gas, kujerun naɗewa, da kayan fatsa a lungu guda. Shara ya ɗauki Rabe ya yi masa. Ba a yi wata biyu ba lungun fatsar ya koma hannun Rabe, don an ga yadda yake ɗaurin ƙugiya. Ƙullinsa ba ya kwancewa, wannan kowa ya shaida.

Tanar robar tana zuwa a leda, da lamba a jiki. Rabe bai kula da lambar ba. Da hannunsa yake awo: gaɓa biyu, yatsa guda, yatsa da rabi, taƙi. Ƙananan ya tura su can ƙasan kanta, ya ce na yara ne. Duk wanda ya zo neman koton hamur, kifin nan mai faɗin baki da yake ɓuya cikin duwatsu, doguwa mai taƙi guda Rabe yake miƙa masa.

"Ya Ammu, wannan ba ta yi girma ba?" in ji mai saye, don Ammu suke ce masa, wato baffa.

"Kai ɗana, ka san giwan ruwa?"

"La wallah."

"To ni na san shi. Kifin da shina da rami, shina da girman kai. Ba shi tasowa don abin da bai kai loma ba. Wanga hamur naku da kuka faɗi, ƙanen giwan ruwa ne. Ka ba shi babba, ka ja a hankali, ka dawo ka ba ni labari."

Suna dawowa kuwa. Su nuna masa hoton kifi a waya, su ce, "Albarkarka, Ammu Rabe." Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Ranar ba a zama lafiya a layinmu. Sai ya leƙo shagona ya ce, "Bawana, aje allurar nan ka zo ka ga aikin maza. Ku da ba ku san kifi ba sai busasshe."

Na kan ce, "Sarkin ruwan kwano, sannu da su."

Ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi. Akwai abin da na sani tun shekarar farko, don masu sayen sukan biyo ta wurina su ari almakashi kafin su shiga mota. Ban faɗa ba. Abdulganiyyu ma bai faɗa ba, ya ci gaba da sayo dogayen kwali-kwali, tunda tsoho ya ce su ne.

Bara waccan yanar ido ta fara rufe masa idon dama. Sai ya zo ya zauna a bencina wata la'asar, bai yi wasa ba.

"Bawana, ina son in jefa ƙugiya sau guda kafin in bar ganin zare."

"Da shingen fa?"

"Na sani."

"Da Maryama fa?"

Can ya ce, "Ita ma ɗiyar masunta ce. Ta san abin."

Mun yi wata biyu muna lallashin Abdulganiyyu, don wanda aka kama ya ɗauko marar takarda shi ma ba ya kwana lafiya. Daga ƙarshe ya ce, "Halas, shi ke nan, Asabar bayan Asuba. Amma ya Ammu, in mun zo wurin, ka yi kamar kana barci."

Rabe bai yi barci ba, na ƙarya ko na gaske. Ya zauna a baya, kusa da ni, ya rungume leda mai dogayen tana shida da ya kwana uku yana zaɓe. Da muka zo shingen, jami'in ya dubi sandunan fatsar da ke kan mota, ya ɗaga hannu muka wuce. Shekara ashirin, ga abin da ya tsare shi, ɗaga hannu guda. Muka ci gaba da tafiya har muka ji warin gishiri.

Ba zan iya faɗin yadda ya sauka daga motar ba. Ya tuɓe takalmi, ya shiga har gwiwa, ya ɗebo ruwan ya kai baki, ya tofar, ya ce, "Ashe da gaske ne." Sannan ya saƙala doguwar tanarsa, ya yi bisimilla, ya jefa. Hannun bai manta ba. Zaren ya tafi nesa, ya sauka inda ya so.

Ya ja a hankali, yadda yake ja a kwano. Zaren ya yi rawa, ya fizga, babu komai. Da ya naɗo, wutsiyar tanar ta tafi, ƙananan kifaye sun gutsire ta, ba su ko kai ga ƙugiya ba. Ya sa ta biyu. Ita kuma ta nutse ta maƙale a duwatsun nan masu kaifi na ƙarƙashin ruwa, sai da aka tsinke zaren. Ta uku ta dawo guntu. Ta huɗu ma haka.

"Ruwan bai san ni ba tukuna," in ji shi. "Bari rana ta ɗaga."

Abdulganiyyu yana can gefe, kamar taku goma. Na lura tun da muka zo bai jefa ba, yana ta gyaran abin da ba ya bukatar gyara. Amma mai son fatsa ba ya iya tsayawa a bakin ruwa hannu sake har abada. Da ya ga tsoho ya juya baya, ya buɗe akwatinsa, ya zaro doguwa guda, ya ɗora ta a murfi, ya datse kan da wuƙa, ya bar abin da bai wuce yatsa ba. Jifa na biyu sandarsa ta lanƙwashe. Hamur ne, mai kyau, ya kai tsawon damtse.

Rabe ya fito daga ruwa da sauri kamar yaro, yana cewa, "Riƙe shi ta ƙarƙashin kunne! Kar ka sa yatsa a baki!" Shi ya durƙusa ya cire ƙugiyar. Ya ga abin da ke jikinta. Ya auna shi da yatsansa. Sannan ya dubi akwatin da ke buɗe a kan yashi. A ɗakin ƙasa na akwatin akwai kawunan tana, ja da kore da ruwan ƙasa, sun fi cikin tafi biyu, wasu sun narke sun manne da juna don daɗewa.

"Wanga fa?"

"Ya Ammu, yau kawai... ruwan ne yau..."

"Yau anka yanke duk waɗanga?"

Abdulganiyyu ya sunkuyar da kai.

"Kai kaɗai, ko da sauran?"

Rabe ya juyo gare ni da idonsa mai gani. "Bawana, kai ma?"

Na ce, "Almakashina suke ara."

Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi, da ya fi mana sauƙi. Sai ya rufe akwatin a hankali, ya kakkaɓe yashin murfin, ya ce, "Kun kyauta. Kun rufa ma tsoho asiri." Ya je ya zauna a inuwar mota. Sauran tana biyun ba su taɓa ruwa ba. Abdulganiyyu ya kawo masa sanda da guntuwar tana a saƙale, ya ce, "Jarraba wannan, billahi, sau ɗaya." Ya girgiza kai. Ya ce ba ya su da awon wani.

Kwana huɗu bai zo shago ba. Rana ta biyar ya zo, ya cika kwanonsa, ya share ƙofa. Wani ya shigo neman koton hamur, Rabe ya nuna masa Abdulganiyyu da haɓa. Tun daga ranar bai sake zaɓar wa kowa ba. In an nuna masa hoto a waya ya ce masha Allah, bai miƙa hannu ba.

Amma bai bar abin ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Ya samo wani ɗan katako ya ajiye bayan kanta. Ya jera dogayen tana bakwai a kai, launi ɗaya, ya ce zai yanke su daki-daki, daga gaɓa biyu zuwa yatsa da rabi, kowace ta ɗara 'yar'uwarta da faɗin farce. In ya koma Shu'aiba zai jefa su ɗaya bayan ɗaya, wuri guda, safiya guda, ya gani da idonsa inda hamur yake fara yarda da inda yake bari.

"In na gano da kaina," ya ce mini, "to na zama masuncin wanga ruwa, ko da na yini guda. In ban gano ba, mi ni ke? Mai shara da anka yi ma ladabi."

Ba ya yanka sai ya gwada a kwano, ya gwada, ya sake. Wata tanar takan ci masa mako. Ya ce in an rage tsawo, kaɗawar wutsiya tana canjawa, dole a san inda za a sa reza.

Ya tambayi Abdulganiyyu ranar komawa. Aka ce azumi ya matso, a bari a sha ruwa. Bayan Salla aka tsaurara hanyoyi saboda Hajji, ko mai takarda sai ya yi bayani. Bayan Hajji aka ce zafi ya yi yawa, kifi ya yi nisa. A tsakanin nan an kama wani da muka sani ya ɗauko mutane a motarsa, abin bai yi masa daɗi ba. Abdulganiyyu yana da 'ya'ya huɗu. Ban ga laifinsa ba, kuma Rabe bai gani ba. Sai dai ya rage tambaya, daga kowane mako zuwa kowane wata. Yanar kuma ta haura zuwa idon hagu. Na ga ranar da ya ja zare a kwano ya sunkuya har hancinsa ya taɓa ruwa, sannan ya sa yatsa yana bin wutsiyar don ya ji abin da ba ya gani.

Ya ce, "Bawana, duba mini. Tana kaɗawa?"

Na ce tana kaɗawa.

"Da gaske, ko irin taku?"

Na ce da gaske. Ban san ko ya yarda ba.

Ya rasu a watan Safar, bayan zazzaɓin kwana shida. An yi masa salla, an kai shi Shara'i. Wannan kam ya samu. Ba kusa da Maryama ba, don a nan ba a zaɓen wuri, amma ƙasar ɗaya ce.

Bayan kwana uku Abdulganiyyu ya kira ni in ɗauki kayansa daga bayan kanta: sallaya, tsintsiya, kwanon silba da farin zobe a ciki inda ruwan ƙarshe ya bushe. Katakon yana nan. Huɗu ya yanke, ya jera su daga ƙarama zuwa babba. Ta biyar ya yi mata alama da farce, rezar tana kwance a gefenta. Biyun ƙarshe suna nan da tsawonsu, taƙi guda-guda.

Abdulganiyyu ya ce, "Ammu, in kai su bahar in gwada masa?"

Na ce ya bar su inda suke.